FedEx da majalisar Amurka: kamun ƙafa mai rasit

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da wanda ya kafa kamfanin aika kaya na FedEx, Fred Smith, ya rasu a watan Yunin 2025 nake ta cin karo da rubuce-rubucen yabonsa. Tsohon soja ne da ya yi yaƙin Biyetnam, ya fara da ƙananan jirage 14 a Memphis a 1973, daren farko ƙunshi 186 kacal suka ɗauka, yau ga kamfani mai ma'aikata wajen rabin miliyan. Duk gaskiya ne. Abin da ban ga ana faɗa sosai ba shi ne rabin ginin nan a Washinton aka yi shi. Akwai shafin OpenSecrets da ke tattara takardun da kamfanoni ke miƙa wa majalisa a kan abin da suka kashe wajen kamun ƙafa. A 2010 kaɗai FedEx ya rubuta da hannunsa cewa ya kashe sama da dala miliyan 25. To don Allah mene ne bambancin wannan da abin da muke kira cin hanci, ban da cewa su suna yanka rasit?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ai ka ba kanka amsa. Cin hanci ne da ya je makaranta ya dawo da kwat da nektai 😂

Barista: Auta, bi a hankali. Kuɗin da Baban Khalifa ya gani ba aljihun ɗan majalisa yake shiga ba. Albashin ma'aikatan ofishin kamfanin na Washinton ne, da kuɗin hayar kamfanonin da sana'arsu ke nan, waɗanda cike suke da lauyoyi da tsofaffin 'yan majalisa da tsofaffin hadimansu. Aikinsu su shiga ofis-ofis su yi bayani, su kawo alƙaluma, sau da yawa ma su kawo daftarin sakin layin da suke so a sa a doka. Dokar 1995 ta wajabta musu rajista, ta 2007 ta ce duk wata uku su bayyana nawa suka kashe, a kan wane ƙudiri. Kuma tsarin mulkinsu ya ba kowa haƙƙin kai koke ga gwamnati, shi ya sa ba a iya haramta abin. Wanda ya karɓi kuɗi a hannu kuwa gidan yari yake zuwa. William Jefferson na Louisiana an sami dala 90,000 a firizarsa a 2005, a kan wata harkar sadarwa da ta shafi Najeriya ma, aka yanke masa shekara 13. Sanata Bob Menendez da sandunan zinarensa shekara 11 ya samu a 2025.

Auta: To gudummawar zaɓe fa, Barista?

Barista: Wannan asusu ne daban, PAC suke ce masa. Manyan ma'aikatan kamfani ke zuba kuɗinsu a ciki, kuma ba a ba ɗan takara fiye da dala 5,000 a zaɓe guda. Na FedEx da na babban abokin hamayyarsa UPS duk sun daɗe cikin manya a ɓangaren kamfanoni, kuma jam'iyyun biyu suke ba wa.

Kawu Mai Tasi: Barista ka faɗi abin da ke takarda, bari in faɗi abin da ke titi. Na tsufa ina jan tasi a Washinton ɗin nan. Titin K shi ne kasuwarsu, kamar ka ce Kantin Kwari na masu kamun ƙafa. Idan majalisa na zama, da sassafe za ka ɗauki mutum daga can, jaka a cinya, waya a kunne, ya ce ka kai shi wani ƙaramin gida a bayan majalisa. Karin kumallo ake yi da ɗan majalisa, kowa ya shigo da cekin gudummawa. Minti arba'in ya fito. Abin da ya fi ba ni mamaki farkon zuwana shi ne 'yan tsayuwar layi. Idan kwamiti zai yi zaman sauraron bahasi, kujerun jama'a kaɗan ne, wanda ya riga shi ke shiga. To sai ka ga bayin Allah tun asuba, wani lokaci tun dare, cikin sanyin da ke fasa leɓe, sun jeru riƙe da kwali mai sunan wanda ya yi hayarsu. Dab da buɗe ƙofa mai kwat zai sauko daga mota, ɗan layi ya matsa masa, ya shige. Talakan da ya zo da kansa yana can baya, ɗaki ya cika. Ba wanda ya karya doka a nan.

Sannan akwai dokar da suke wa laƙabi da dokar tsinke. Tun 2007 mai kamun ƙafa ba ya iya zaunar da ɗan majalisa ya saya masa abinci, amma a liyafar tsaye, ɗan abin da za a soka da tsinken sakace a ci a tsaye ya halatta.

Auta: Kawu ashe tsire ya tsallake ke nan. A kai musu mai tukuba kawai.

Kawu Mai Tasi: Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci.

Baban Khalifa: Kawu, Allah ya ƙara girma. Barista, na yarda ba a hannu ake miƙawa ba. To me ake saye da miliyan 25? Ruwa ba ya tsami banza.

Barista: Yawwa, nan ne labarin yake. Ku yi haƙuri zan ɗan ja shi.

Amurka na da dokokin ƙwadago biyu. Ɗaya ta 1926, an yi ta don jiragen ƙasa, aka shigar da kamfanonin jiragen sama cikinta a 1936. Ɗayar ta 1935, ita ta shafi yawancin sauran ma'aikatu. A ƙarƙashin ta 1935, direbobin defo guda a gari guda za su iya jefa ƙuri'a su kafa ƙungiyarsu. A ƙarƙashin ta 1926 sai an haɗa duk masu sana'a iri ɗaya na kamfanin, daga Alaska har Florida, a ƙuri'a guda. Ko an kafa ɗin ma, kafin a kai ga yajin aiki sai an sha zaman hukumar sasanci, kuma shugaban ƙasa da majalisa na iya shiga tsakani su hana. Ta wannan hanya Biden da majalisa suka hana ma'aikatan jirgin ƙasa yajin aiki a Disambar 2022.

UPS da mota ya girma, don haka direbobinsa na ƙarƙashin dokar 1935, kuma 'yan ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters ne. FedEx da jirgi ya fara, don haka ɓangarensa na saƙon gaggawa, har direban da ke kawo maka kwali ƙofar gida, yana ƙarƙashin ta 1926. Matuƙa jirginsa suna da ƙungiya, direbobin nan ba su da ita.

A 1995 majalisa ta rushe tsohuwar hukumar sufuri tsakanin jihohi. Wajen sharar tsofaffin kalmomi sai aka goge kalmomi biyu daga dokar 1926, waɗanda ke nufin kamfanin aika saƙon gaggawa, tun da kamfanin da aka sani da wannan suna ya mutu tun 1975. FedEx ya ga inuwarsa na neman yayewa. A 1996, ana dab da tafiya yaƙin neman zaɓe, Sanata Ernest Hollings na South Carolina ya mayar da kalmomin nan biyu cikin ƙudirin hukumar jiragen sama, a zaman ƙarshe na daidaita shi tsakanin majalisun biyu. Shi ya ce kuskuren rubutu ake gyarawa. Ted Kennedy ya ce kyauta ce ake wa kamfani guda, ya tsaya ya yi ta jan zance don hana ƙuri'a. Sanatoci suka maƙale a Washinton kwanaki a kan kalma biyu. Daga ƙarshe aka fi ƙarfinsa, Clinton ya sa hannu a Oktoba. Ku lura, Hollings da Kennedy da Clinton duk 'yan Democrat ne.

Ɗan Maraɗi: Barista Allah shi biya ka. Wanga batu ni a jikina nike jin shi. Ina Greensboro, kamiyo nike ja, ko da yake ban taɓa yi ma ko ɗaya cikinsu aiki ba. Amma kullum ina ganinsu. Motar UPS mai ruwan ƙasa ta tsaya, fara ta FedEx ta tsaya bayanta, ƙofa guda, kwali iri guda, bene guda za su hau. Ɗaya na da sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ɗaya ba shi da. A 2023 Teamsters sun yi yarjejeniya da UPS ta ma'aikata wajen 340,000, kamfanin da bakinshi ya ce kafin ta ƙare direban cikakken lokaci zai kai dala 170,000 a shekara in an haɗa albashi da inshorar lafiya da fansho. Har sanyaya iska cikin sabbin motoci sai da sandika ta ƙwato. To ka lissafa, in kalma biyu ta hana dubban direbobi su zauna teburin ciniki shekara talatin, miliyan 25 ai kuɗin goro ne.

Baban Khalifa: Na ma lissafa. A shekarar kuɗi ta 2010 cinikin FedEx ya kusa dala biliyan 35. Wato a kowace dala dubu da ta shigo, abin da aka kai Washinton bai cika dala ɗaya ba.

Maman Walida: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina shiru, amma tun da garinmu ake magana bari in sa baki. Ni a Memphis nake aikin jinya. Idan na tashi aikin yamma wajen sha ɗaya na dare, in na ɗaga kai sai in ga fitilu a jere a sama kamar carbi, ɗaya na bin ɗaya, duk jiragen kaya ne ke sauka. Kafin asuba sun sake tashi. Maƙwabtana da yawa can suke kwana suna rarraba kwalaye, ɗalibai na biyan kuɗin makaranta da aikin daren nan. Babu kamfanin da ya kai shi ɗaukar ma'aikata a garin nan. Kuma ku dubi yadda abin yake aiki: kaya daga ko'ina sai sun haɗu wuri guda cikin dare a rarraba su. In ma'aikatan wuri ɗaya suka ajiye aiki, maganin da ake jira a wani asibiti a can wata jiha ya tsaya. A 1997 ma'aikatan UPS 185,000 sun yi yajin aikin kwana 15, ƙananan 'yan kasuwa sun ji jiki. Don irin wannan aka yi dokar 1926 tun asali. Ni ban ga laifin kamfani ba don ya je ya yi wa 'yan majalisa wannan bayani.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, ba mu ƙi ta taki ba. Amma allurar korona da aka fara rabawa Disambar 2020, FedEx da UPS suka raba ta tare. Mai sandika bai kasa kai nashi kaso ba.

Maman Walida: Haka ne Malam. To amma ka san UPS ɗin ma a shekarun 1990 ya nemi a mayar da shi ƙarƙashin dokar 1926 ɗin, bai samu ba? Da ya rasa ne ya koma cewa to a fito da abokin hamayyarsa. Ba son direbobi ya kai shi ba.

Barista: Gaskiyar Hajiya ce, kuma shi ya kawo mu 2009. Jim Oberstar na Minnesota, ɗan mahaƙin ƙarfe, shi ke shugabantar kwamitin sufuri na majalisar wakilai. Ya sa sakin layi a ƙudirin hukumar jiragen sama cewa ma'aikatan FedEx da ba su da alaƙa da jirgi kai tsaye su koma dokar 1935. UPS da Teamsters, waɗanda kullum suke kai ruwa rana da juna, suka haɗa kai a bayansa. Majalisar wakilai ta amince. Nan FedEx ya zare takobi. Ya buɗe yaƙin talla mai suna Brown Bailout, yana cewa ana so a ceto kamfani mai ruwan ƙasa, a daidai lokacin da Amurkawa ke cike da haushin kuɗin da aka ceto bankuna da shi, alhali ko sisin gwamnati babu a maganar. Sannan ya sanar cewa jirage 15 ƙirar Boeing 777 da ya yi oda, da zaɓin ƙarin 15, da sharaɗi ne: in aka taɓa matsayinsa a doka, yana iya fasawa. Ka ga ke nan ya jawo Boeing da masu yi masa injin da 'yan majalisar jihohinsu cikin faɗan da ba nasu ba. Sanatoci biyu na Tennessee, jihar da Memphis ke ciki, Lamar Alexander da Bob Corker, suka ce ƙudiri ba zai wuce da wannan sakin layi ba. Hukumar jiragen sama ta yi ta rayuwa da ƙarin wa'adi na wucin gadi sau fiye da 20 tsakanin 2007 da 2012, ko da yake ba wannan kaɗai ne dalili ba. A zaɓen 2010 Oberstar ya faɗi bayan shekara 36 a kujera, Republican suka karɓi majalisar wakilai, Obama ya sa wa dokar hannu a Fabrairun 2012 babu sakin layin.

To Baban Khalifa, ga abin da miliyan 25 ɗinka ta saya. A duba littafin doka ba za a ga komai ba, don abin da aka biya shi ne kada a rubuta.

Kawu Mai Tasi: Barista ka manta mai daɗin. A tsakiyar rigimar nan, 2009, jaridar Politico ta fito da wata wasiƙa. Wata tsohuwar ƙungiyar 'yan mazan jiya, American Conservative Union, ta rubuta wa FedEx cewa za ta tara masa magoya baya, a yi ta aika wasiƙu, har shugabanta ya yi rubutu a jarida, in za a biya tsakanin dala miliyan 2 zuwa 3 da ɗoriya. FedEx bai biya ba. Ba a jima ba sai ga sunan shugaban, David Keene, a wata takarda da ke caccakar FedEx ɗin. Ƙungiyar ta ce shi a ƙashin kansa ya sa hannu. Mako guda fasinjojina ba su da hira sai wannan.

Auta: Kai! Wato maroƙi ne, ka ba shi ya wasa ka, ka hana shi ya yi maka zambo.

Kawu Mai Tasi: Yau dai ka yi magana mai ma'ana.

Ustaz: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina ganin akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Kai wa mai mulki bukata, ko shiga tsakani don wanda ba ya iya kai kansa, shari'a ta yarda da shi, har hadisi ya zo cewa ku yi ceto a ba ku lada. Amma akwai hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Wannan shi ne ma'auni. Ɗan majalisar nan in ba ya kan kujera, za a kira shi karin kumallon?

Barista: Allah ya gafarta Malam, abin dariyar shi ne za a kira shi, har ma a fi biyansa. Howard Baker da George Mitchell, dukansu tsofaffin jagororin masu rinjaye a majalisar dattawa, ɗaya Republican ɗaya Democrat, sun zauna a kwamitin daraktocin FedEx bayan sun bar majalisa. Doka ta ce tsohon sanata ya jira shekara biyu kafin ya dawo yi wa tsofaffin abokansa kamun ƙafa, na majalisar wakilai shekara ɗaya. Wanda ke kan kujera yau yana kallon inda na jiya suka sauka.

Ustaz: To ai ka ƙarfafa maganata. Kyautar ce aka jinkirta.

Barista: Ban musa ba. Amma a kotu ba za ka iya tabbatar da ita ba, kuma wani da zuciya ɗaya yake ganin kamfanin na da gaskiya. Sanatan Tennessee ko ba a ba shi ko kwabo ba zai kare kamfanin da ke cikin waɗanda suka fi ɗaukar mutanensa aiki.

Kawu Mai Tasi: Kafin 2007 har jirgi ake ba su. FedEx na da ƙananan jiragen manyansa, ɗan majalisa zai hau ya je taron siyasa, ya biya kuɗin tikitin kujerar alfarma na jirgin haya kawai, alhali shatar jirgin ta ninka haka sau da yawa. Kuma ba shi kaɗai zai zauna a ciki ba, mutumin kamfani na gefensa awa biyu, babu mai katse su. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Bayan badaƙalar Jack Abramoff, wani mai kamun ƙafa da aka ɗaure, aka gyara: sanata sai ya biya cikakken kuɗin shata, na majalisar wakilai kuwa an hana su hawa a tafiyar neman zaɓe.

Maman Walida: Kawu, to a faɗi na alherin ma mana. Lokacin da Smith ya fara, doka ta hana shi ɗaukar kayan da ya wuce fam 7,500 a jirgi guda, sai ya riƙa tura ƙananan jirage biyu ko fiye hanya ɗaya a dare ɗaya. Shi ya yi ta zarya Washinton har aka saki harkar jiragen kaya a 1977 zamanin Carter, ya sayi Boeing 727. Wannan ma kamun ƙafa ne, kuma kowa ya amfana, har masu gasa da shi. Takardun makarantar da ƙannenmu ke aikowa daga gida su iso cikin kwanaki, daga nan abin ya samo asali.

Baban Khalifa: Na karɓi wannan, Hajiya. Ba kowane kamun ƙafa ne ɓarna ba. To amma ga na 2017, wanda ya shafi sana'ata ta akanta. Smith na cikin 'yan gaba-gaba wajen neman a rage harajin kamfanoni, ya yi ta faɗa a fili cewa in an rage za a ga zuba jari. Trump ya sa hannu a Disambar 2017, haraji ya sauko daga kashi 35 zuwa 21 cikin ɗari. Ƙari a kan haka, in ka sayi jirgi za ka iya cire kuɗinsa gaba ɗaya daga ribar da za a yi wa haraji a shekarar, maimakon kaɗan-kaɗan cikin shekaru. Ga kamfanin da sana'arsa sayen jirgi da mota ce, wannan ai gara ce. A Nuwambar 2019 New York Times ta rubuta cewa harajin da ke kan FedEx a shekarar kuɗi ta 2017 ya haura dala biliyan 1.5, a ta 2018 kuwa ya koma sifili, kuma ƙarin jarin da aka yi alkawari ba a gan shi yadda aka faɗa ba. Smith ya fusata, ya ce an murɗe gaskiya, ya ce ita ma jaridar ba ta biya harajin tarayya a 2017 ba, ya ƙalubalanci mai jaridar su yi muhawara a bainar jama'a.

Auta: An yi muhawarar?

Baban Khalifa: Ina fa. Don adalci kuma, a Janairun 2018 kamfanin ya sanar da ƙarin albashi da zuba kuɗi a asusun fansho da faɗaɗa cibiyarsa ta Indianapolis. Kuma wani ɓangare na sifilin nan lissafin littafi ne na sau ɗaya, tsohon harajin da aka jinkirta aka sake auna shi da sabon farashi. Amma ko ka cire wannan, ribar ta ninka abin da aka kashe a Washinton ninkin ba ninkin.

Auta: Mu dai namu 'yan siyasar ma can suke kai kuɗi. Gwamnatin Jonathan ta ɗauki kamfanin Levick ya yi mata kamun ƙafa a 2014, PDP ta ɗauki kamfanin Ballard Partners a 2018, APC ma ta taɓa ɗaukar kamfanin David Axelrod, tsohon mashawarcin Obama, ya ba ta shawara kafin zaɓen 2015.

Shugaban Zaure: Auta, ka san ƙa'ida. Kada a mayar mana da zancen nan APC da PDP, mun sha wannan a baya har mutum uku suka fita.

Barista: Ranka ya daɗe, jimla ɗaya kawai. Kwangilar mai yi wa baƙo kamun ƙafa a Amurka ana sanin ta ne saboda dokar 1938 da ta tilasta masa ajiye kwafinta a ma'aikatar shari'a, kowa ya buɗe ya karanta. Shi ya sa nake cewa rasit ɗin da Baban Khalifa ya raina ba ƙaramin abu ba ne. Duk hirar nan da muke yi, da takardunsu muke yin ta.

Ɗan Maraɗi: Barista, rasit na da amfani ga mai karatu. Direban da ya fita ƙarfe bakwai ya dawo tara na dare, yaushe ya buɗe OpenSecrets? Kuma ba a faɗi ɗaya ɓangaren ba, na motocin ƙasa. Can dabara daban ce, direbobi ba ma'aikatan kamfani ba ne, 'yan kwangila ne. Sai da kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2014 waɗanda ke California ma'aikata ne, kamfanin ya biya dala miliyan 228 a 2015 aka sasanta. Wanda ya ci ladan kuturu dole shi yi mai aski, ni iyakar abin da na gani ke nan.

Maman Walida: Amma ba kullum suke ci ba, Malam. Tun 2001 FedEx ke ɗaukar wa gidan wayan Amurka saƙonni ta sama, kwangila ta biliyoyi. A 2024 ta koma hannun UPS. Ina kamun ƙafar ya tafi?

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne. Da tirela mai jan bodi biyu ma, sun daɗe suna neman a ƙara tsawon kowane bodi daga ƙafa 28 zuwa 33 a dokar tarayya, har yau ba su samu ba. To amma duba su wa ke ɗaya gefen: kamfanonin jirgin ƙasa, da wasu kamfanonin manyan motoci, kowa da nashi mutane a titin K. Gaba da gabanta ce. Ni da nike bayan sitiyari, wanda bodin zai yi wa wutsiya a kan ƙanƙara, ba wanda ya tambaye ni.

Baban Khalifa: Wannan ita ce ta tsaya mini a rai. A 2009 UPS ne da FedEx, a tirela jirgin ƙasa ne da FedEx. Duk inda aka taka musu birki, wani mai kuɗin ne ya taka. Barista, akwai inda ka san mutanen gari kawai, ba ƙungiya mai asusu a bayansu, suka kayar da irin wannan?

Barista: Teamsters ɗin ai kuɗin direbobi ne, Baban Khalifa, daga albashinsu ake cira. Ita ce hanyar da talaka ke hayar nasa mai kwat ɗin.

Ɗan Maraɗi: To ai ita ce kalma biyun ta hana su kafawa.

Auta: Barista ya yi shiru 👀

Barista: Ina kotu ne, Auta. Zan dawo.

Kawu Mai Tasi: Ni ma bari in tashi, an kira ni. Daga titin K zuwa ginin Rayburn na majalisar wakilai, kwamiti na zama ƙarfe goma. Ɗan layinsa na can tun asuba.